Darasi na 9: Carar Zakara, Haƙƙin Maƙwabci da Tsare Jarinki

Tsawon zama: awa 1 da rabi.

Kayan aiki: littafin zubi, tsakuwa ko ƙwayar masara don ƙidaya, da fili a ƙasa inda za a iya zane da tsinke.

Abin da ake so kowace mace ta tafi da shi gida:
- ta san abin da ke sa zakara cara, da abin da ke sa shi yawaita ta;
- ta san zakara nawa kajinta ke buƙata;
- ta san hanyoyin rage ƙara ba tare da cutar da dabba ba;
- ta san yadda za ta yi idan maƙwabci ya kawo ƙorafi.

Gabatarwa

 Na san wata za ta ce, "Yau kuma carar zakara ce ta zama darasi?" To, ta zama, kuma ga dalili.

Tsarin da muke bi na akwati da makullai uku ya faro ne a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. Tun daga can har zuwa nan yankinmu na Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, kiwon kaji yana cikin sana'o'in da mata suka fi karɓar rance dominsu. Kaza ba ta son jari mai yawa, ba ta hana ki aikin gida, ga dusar masara da tsakin shinkafa ba su yi mana wuya ba a wannan ƙasa tamu.

Sai dai zama ya canza. Gidan da a da yake da fili har da garka, yanzu an raba shi gado, an ja katanga, ɗakin wani yana jingine da akurkin wata. Kaji sun ƙaru saboda rance, fili kuma ya ragu. A nan ne ƙorafi ke farawa. Ƙorafin da aka ƙyale yana iya kaiwa ga jifan kaji, ko a zuba musu guba, ko maigida ya ce a fitar masa da su daga gida yau-yau. Idan haka ta faru, kajin sun tafi, bashin akwati kuma yana nan. Don haka maganar cara maganar jari ce.

Kashi na 1: Me ke sa zakara cara?

Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan magana gaskiya ce har a wajen masu bincike. A shekarar 2013 wasu malamai a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun ajiye zakaru a ɗakin da haske ba ya canzawa, babu dare babu rana. Duk da haka zakarun suka ci gaba da cara a kusan lokaci ɗaya kullum. Wato akwai agogo a jikinsa. Sun kuma ga cewa a inda ake da dare da rana, yana fara cara kimanin awa 2 kafin haske ya fito.

A 2015 waɗannan malamai suka ƙara gano wani abu. Idan zakaru suna da yawa a wuri ɗaya, babbansu, wanda ya fi ƙarfin saura, shi ke fara cara, sannan sauran su biyo bisa girmansu. Idan aka ɗauke babban, mai bi masa ya hau kujerar. Ki riƙe wannan da kyau: idan kina da zakaru biyar kika yanka mai babbar murya kaɗai, ba ki yi maganin komai ba, gobe wani zai karɓa.

Bayan ta asuba, zakara yana cara saboda waɗannan:
- don ya amsa wa wani zakara da ya jiyo, na gida ko na maƙwabta;
- don ya nuna nan wurinsa ne, waɗannan kuma matansa ne;
- idan haske ya faɗo masa da dare, kamar fitilar sola, tocila ko hasken babur;
- idan ya firgita, ko wani abu ya dame shi a makwanci.

Kada kuma mu raina ƙorafin maƙwabci. Masu bincike a Jami'ar Antwerp ta ƙasar Beljiyam sun auna cara a dab da kan zakara, suka samu tana haura desibel 130 a ma'aunin ƙara, wato irin ƙarar da ke iya lalata kunne. Shi zakaran Allah ya yi masa kariya, idan ya wangame baki sai ƙofar kunnensa ta ɗan toshe. Tsohuwar da ke kwance a bayan katanga ba ta da wannan kariya. Abin da zai taimaka mata shi ne tazara da bango, domin ƙara tana raguwa da kowane taku da aka ƙara.

Abin da nake so mu fahimta a nan: ba a hana zakara cara. Abin da ake iya yi shi ne a rage yawan masu yin ta, a rage abubuwan da ke tayar da su, a kuma nisanta ƙarar daga kunnen mutane.

Kashi na 2: Zakara nawa kike buƙata?

Bari mu fara da tambayar da nake yawan samu: "Kaza tana ƙwai in babu zakara?" Tana yi. Ƙwai ba ya jiran zakara. Amfanin zakara shi ne ƙwan ya zama mai ɗa, wanda idan kaza ta kwanta a kansa kwana 21 zai ƙyanƙyashe. Idan ƙwan ci ko na sayarwa kaɗai kike nema, kina iya zama babu zakara ko ɗaya.

Idan kina son 'yan tsaki, zakara ɗaya lafiyayye ya ishi mata 8 zuwa 10. Kuma idan zakara ya hau kaza, tana iya ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har kusan kwana 10 ko fiye, ko da an ɗauke shi.

Matsalar ita ce a duk ƙyanƙyasa kusan rabi maza ne. Kaza ta fito da goma, biyar za su zama zakaru. Suna kai wata 4 zuwa 5 su fara gwada murya. Idan aka bar su, ga abin da ke biyowa: faɗa ba dare ba rana, tsige gashin bayan matan, matan su rame su rage ƙwai, tsaba kuma tana ƙarewa a cikin waɗanda ba sa kawo komai.

Mu yi lissafi. Wannan misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku a madadinsa. Mu ɗauka zakara ɗaya yana cin tsaba da dusa ta naira 50 a rana. A wata ya ci ta naira 1,500. Idan kina da rarar zakaru huɗu, naira 6,000 ke nan a wata. A wata uku sun ci naira 18,000. Zakaran gida kuwa idan ya gama girma, ƙarin watanni ba sa ƙara masa nama yadda za su biya abin da ya ci. Kin ga kuɗin da za ki yi zubi da shi ne kike watsawa a tsakar gida, kina kuma sayen fushin maƙwabta da shi.

*Aikin rukuni (minti 10):* kowace mace ta ɗebi tsakuwa. Ta ajiye ɗaya a dama domin kowace macen kaza da take da ita, ɗaya a hagu domin kowane zakara. Ta ware zakara ɗaya ga kowane mata goma. Abin da ya rage a hagu shi ne na kasuwa. Sakatariya ta rubuta adadin kowa.

Wanne za ki bari? Ki zaɓi mai ƙirji da ƙafafu masu ƙarfi, mai jan zanko, idonsa garau, wanda ba ya bin yara da sara. Zakaran da ke kai wa yara hari kada ki yi masa uzuri, domin tsayin yaro mai rarrafe daidai yake da bakinsa, ido kuma ba shi da gyara. A canza zakara duk shekara don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa, iri ya lalace.

Wata za ta tambaya ko kajin zamani irin su Noiler ba sa cara. Suna yi. Babu irin zakaran da ba ya cara. Bambancin kawai shi ne suna saurin girma idan sun samu abinci, don haka ana iya sayar da mazansu da wuri, a wata 3 zuwa 4, kafin muryarsu ta nuna.

Kashi na 3: Makwanci shi ne rabin magani

Carar da ta fi damun mutane ita ce ta tsakar dare da ta kafin asuba. Da rana kowa na harkarsa, ga injin niƙa, ga babura. Don haka aikinmu a kan makwanci yake.

1. *Kada ya kwana a sama.* Zakaran da ke kwana a kan bishiya, kan katanga ko kan rumbu, muryarsa tana ratsa unguwa don babu abin da ya tare ta. Ki saba masa da shiga akurki. Ki riƙa watsa tsabar yamma a bakin akurkin, ki rufe su da magariba. Cikin 'yan kwanaki za su saba.

2. *Ki duba inda akurkin yake.* Ki tsaya a wurin ki tambayi kanki, ɗakin wa ke bayan wannan bango? Idan ɗakin kwanan maƙwabci ne, ko tagarsa, a matsar da akurkin zuwa ɓangaren garka, bayan rumbu ko wajen turken awaki. Ƙofar akurki ta kalli cikin gidanki ko fili, kada ta kalli maƙwabta, domin ta ƙofa ƙara ke fita.

3. *Ginin ƙasa ya fi kwano.* Bangon laka mai kauri yana shanye ƙara. Kwano kuwa amsa-kuwwa yake yi, ga zafi da bazara, ga sanyi da hunturu. Idan rufin kwano kike da shi, ki ɗora masa ciyawa ko karan dawa. Jingina zana ko tara kara a gefen da ke kallon maƙwabta shi ma yana ragewa. Amma a nisanta shi da murhu.

4. *Duhu, amma da iska.* Haske ke tayar da shi, don haka a toshe inda hasken fitila ke shiga. Sai dai duhu daban, toshe iska daban. A bar ƙananan ramuka a sama kusa da rufi, ɓangare biyu, a sa musu waya don kada maciji ko gafiya su shiga. Ki leƙa kanki ciki da safe. Idan wari ya sa idonki yaji, iska ta yi kaɗan, kuma lokacin shara ya wuce.

5. *Fitilar sola.* Da yawa daga cikinmu muna barin ta a kunne har safe saboda tsaro. Babu laifi, amma a juya ta kada ta haska akurki.

6. *Ya kwanta da ƙoshi.* A ba su tsaba da ruwa mai tsabta kafin a rufe. Da safe a bari sai an idar da sallar asuba, gari ya yi haske, sannan a buɗe. Zai yi cararsa a ciki, amma bango ya rage ta.

7. *Ƙuma da ƙwarƙwatar kaji.* Kazar da ƙwari ke cizo ba ta barci. A share akurki duk mako, a zuba toka mai sanyi a ƙasa, a lissafe tsagogin bango da laka. Kashin kuma taki ne, a tara shi domin garka.

Wani abu kuma: idan kajin da suka saba kwana shiru suka tashi da hayaniya a tsakar dare, kada ki ce iskancin zakara ne. A ɗauki tocila a duba, a tafi da babba. Sau da yawa muzuru ne, ko maciji, ko mai hannu biyu.

Kada a ce don gudun ƙorafi za a shigar da zakara ɗakin kwana ko ɗakin girki. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a farkon shekarar 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, ba da jimawa ba ta iso Kano, kuma tun daga nan takan dawo lokaci zuwa lokaci. Cuta ce da ke iya kama mutum. Kaji da makwancinsu, mutane da nasu.

Kashi na 4: Abubuwan da ba a yi

Wannan kashi nake so a karanta sau biyu.

*Ɗaure wuya.* Akwai masu ɗaura wa zakara roba, zare ko ƙyalle a wuya. Yanzu har 'ya'yanmu suna gani a Facebook ana tallar wani ɗamara na wuya wai mai hana cara. Duk abu ɗaya suke yi: matse hanyar iska. Idan ya yi sako-sako bai hana komai ba, idan ya matse sai ya hana numfashi da haɗiya. Zakara na iya shaƙewa da ƙwayar masara ɗaya, ko ɗaurin ya maƙale a ƙaya ya rataye shi. Da zafin bazara abin ya fi muni, domin kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi.

*Yanke harshe ko tsaga baki.* Muryar zakara ba daga harshe take fitowa ba. Tana fitowa ne daga can ƙasan maƙogwaro, cikin ƙirji, inda hanyar iska ta rabu biyu. Wanda ya yanke harshe ya azabtar da dabba, ya hana shi ci, kuma carar tana nan.

*Ba shi ƙwaya.* Maganin barci, maganin tari na mutane, ko wata ƙwaya daga kemis, babu wanda aka yi domin wannan. Yana iya kashe shi. In bai mutu ba, maganin na iya zama a namansa, wanda ke ko 'ya'yan wani za su ci.

*Kife shi da baho, ko cusa shi a buhu ko leda.* An ce zakara a rataye ba ya cara, amma ai ba lafiya ce ta sa shi shiru ba. Rashin iska yana kashewa cikin dare ɗaya.

*Fiɗiya a gida.* Zakara ba bunsuru ba ne. Nasa 'ya'yan maraina a cikin ciki suke, kusa da ƙashin baya, sai an tsaga shi. Ba aikin reza ba ne.

*Duka, jifa, watsa ruwa ko hana abinci.* Ba ya gane laifinsa, don a wajensa babu laifi. Sai dai ya zama mafaɗaci ko ya rame.

Addini ma bai bar mu haka ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane sallah. Wanda aka hana a zaga, ina ga a shaƙe shi? Idan zakara ya fi ƙarfin gidanki, hanyar da ta dace a bayyane take: a sayar, a bayar, ko a yanka yadda shari'a ta ce. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Kashi na 5: Idan cara ta canza ko ta ɗauke

Shirun zakara ba kullum ne abin murna ba. Zakaran da ya saba cara ya daina, ko muryarsa ta dushe, ko yana minshari, yana buɗe baki yana neman iska, ya sauke fukafukai, yana koren zawo, ko wuyansa ya murɗe, wannan alamar ciwo ce. Annobar kaji da likitoci ke kira Niyukasil ta fi yi mana ɓarna lokacin hunturu, kuma tana iya share gida cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafinta. Akwai Lasota, akwai kuma I-2 wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4, kuma lafiyayyu kaɗai ake yi wa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba ta kwana. Shi ya sa ya fi kyau ƙungiya ta haɗa kuɗi, a tsayar da rana ɗaya, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na KNARDA ya nuna yadda ake yi. A yi kafin iskar hunturu ta kaɗo.

Idan kin ga alamar ciwo: ki ware mara lafiya nan take, kada ki kai shi kasuwa, kada ki ba maƙwabciya. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefa a bola ko rafi, a wanke hannu da sabulu. Idan kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, kada a ci, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Kashi na 6: Idan maƙwabci ya yi magana

Ga wani abu da ya faru a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da nake zagayawa. Ba zan faɗi gari ko suna ba. Wata 'yar ƙungiya ta karɓi rance ta sayi kaji, suka yi albarka, har zakarunta suka kai bakwai, suna kwana a kan katangar da ta raba ta da maƙwabta. A bayan katangar akwai tsohuwa mai hawan jini. Surukar tsohuwar ta shigo ta yi magana sau biyu. Amsar da ta samu ita ce, "Ni na halicce su da zan hana su cara?" Bayan mako biyu aka wayi gari kaji huɗu a mace a bakin kwata. Babu wanda ya ga wanda ya yi. Gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu, ita kuma ta kasa cika biyan wata biyu, sai da 'yan ƙungiya suka ɗaga mata ƙafa.

*Tambayoyin tattaunawa (minti 15):* A ina aka fara kuskure? Me ya kamata mai kaji ta ce a zuwan farko? Me ya kamata surukar ta yi da ba a saurare ta ba? Wa ya yi asara a ƙarshe?

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A ƙasar Faransa an kai ƙarar wani zakara mai suna Maurice kotu saboda cara. A watan Satumban 2019 alƙali ya ba mai zakaran gaskiya, sannan a Janairun 2021 majalisarsu ta yi dokar kare sautuka da ƙamshin karkara. Mu a nan ba ma fatan a kai ga kotu. Ko kin yi nasara a gaban alƙali, wannan maƙwabciyar ce za ki buga wa ƙofa idan naƙuda ta zo da dare.

Ga matakan da nake ba da shawara:

1. Ki saurara har ta gama. Kada ki fara da kare kai.
2. Ki tambaya: wane lokaci ya fi damun ku? Wane ɗaki ne? Akwai mara lafiya ko jariri?
3. Ki faɗi abin da za ki yi da ranar da za ki yi. Misali: "Yaya, ki yi haƙuri, ki ba Inna haƙuri. Yau ɗin nan zan fara rufe su a akurki. Uku kuma ranar kasuwa za su tafi. In kin ga ba a samu sauƙi ba bayan mako ɗaya, ki dawo ki gaya mini."
4. Ki sanar da maigida tun kafin ya ji a majalisa.
5. Bayan mako ɗaya ke ki je ki tambaya, kada ki jira a dawo. Ɗan ƙwai biyar a kwano domin tsohuwa ba zai karya jarinki ba.
6. Idan abin ya ƙi, shugabar ƙungiya da wata dattijuwa su shiga tsakani. Idan ya fi ƙarfinsu, sai mai unguwa ko liman ko fasto.

Idan ke ce carar ke damu, ki je da sallama, da rana, ba a gaban mutane ba, kuma kada ki aika yaro. Jifa ko guba zalunci ne, kuma abin da aka zuba wa kaza yaro na iya ɗauka.

Kashi na 7: Mayar da rarar zakaru kuɗi

Zakara yana daraja gab da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, da Kirsimeti da sabuwar shekara, sai lokacin bukukuwa bayan kaka. Ku tuna Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a duba watan Musulunci. Ga kajin gida, a ƙirga wata 5 zuwa 6 baya daga lokacin da ake son sayarwa, a nan ake son ƙyanƙyasa. Haka mazan za su bar gida daidai lokacin da suka fara damun mutane, kuma daidai lokacin da kasuwa ke nemansu.

Kafin sayarwa da mako biyu zuwa uku, a ware mazan a wuri ɗaya inda ba sa ganin mata, a ƙara musu tsaba da dusa. Waɗanda suka taso tare ba su cika faɗa ba idan babu mace a tsakani.

Mu da muke kan hanyar Kano zuwa Jos, da na wajen Kwanar Ɗangora a kan hanyar Zariya, muna da masu saye. Mace ɗaya da zakara biyu a hannu, abin da ɗan kasuwa ya taya shi za ta karɓa. Mata goma da zakaru talatin su ke faɗin farashi. A aiki mutum ɗaya amintacce ya jiyo farashi tukuna, a rubuta na kowa a littafi kafin a fita da su. Zakaran da ya je kasuwa ya dawo, ko sabo da aka sayo, a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida.

Gidajen da ke jere da juna, waɗanda kajinsu dama tare suke kiwo, suna iya yarjejeniya a bar zakara ɗaya ko biyu masu kyau, ya kwana a gidan da ya fi fili. Sharaɗin shi ne duk gidajen su yi rigakafi rana ɗaya.

Kuɗin da ya shigo a fara da biyan rance, sai rigakafi da gyaran akurki, abin da ya rage a ƙara zubi.

Abin da ƙungiya za ta yanke yau

A tattauna, a ɗaga hannu, sakatariya ta rubuta a dokokin ƙungiya:
- Shin mai neman rancen kaji sai ta nuna tana da akurki kafin a ba ta?
- Wace rana za a yi rigakafi na gaba, kuma nawa kowa za ta bayar?
- Su wa biyu za su riƙa shiga tsakani idan an samu saɓani da maƙwabta?

Tambayoyin bita
1. Zakara ɗaya ya ishi mata nawa?
2. Me zai faru idan aka ɗauke babban zakara kaɗai?
3. Faɗi abubuwa uku da ba a yi wa zakara don hana shi cara, da dalili.
4. Waɗanne alamu ne ke nuna shirun zakara na ciwo ne?

Aikin gida

Yau da magariba kowace mace ta duba inda zakarunta ke kwana, ta kuma duba ɗakin wa ya fi kusa da wurin. A zama na gaba ta zo da amsa uku: zakara nawa za ta bari, nawa za ta sayar, kuma yaushe. Wadda ba ta rubutu ta zo da tsakuwarta a ƙulle a gefen zane, za mu ƙirga tare bayan an rufe akwati. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.